Malama Nettie Stevens da Tsutsar Gari

 Sa'ad da aka ce kowa ya kawo tarihin wani shahararren mutum, na san yawancinmu sarakuna da malamai da 'yan siyasa za su ɗauko, kuma sun cancanta. Ni kuwa na ɗauko wata Ba'amurkiya ce wadda ta mutu fiye da shekara ɗari da suka wuce, ba ta taɓa jin sunan Kura ba, kuma babban aikinta a duniya shi ne leƙen cikin tsutsa. Kada mai karatu ya yi mini dariya tukuna, dalilina yana gidanmu.

Mu shida ne a ɗakin mahaifiyata, dukanmu mata, ni ce ta biyu. Babanmu manomi ne a filin noman rani na Kura, da damina ya yi shinkafa, da rani ya yi alkama ko tumatir. Inna kuwa turarar shinkafa take yi, da ita take saya mini sabulu da gari da sukari in za mu dawo makaranta. A babban hutun da ya wuce aka haifi autarmu. Ranar suna gida ya cika, an yanka rago, an yi tuwo da waina, amma ina raba abinci ina jin maganganun da ake yi ƙasa-ƙasa. Wai Inna cikin mata gare ta. Wai gona ta rasa magaji. Wata tsohuwa har ta kawo shawarar wani jiƙo da ake sha don a juya haihuwa. Inna tana zaune da jaririya a cinya, ta sunkuyar da kai kamar wadda aka kama da laifi. Kowa ya san haihuwa ta Allah ce, kowa kuma yana faɗin haka da bakinsa, amma in aka zo rabon laifi sai a ajiye shi a ƙofar ɗakin mace.

Sati uku da dawowarmu makaranta, malamarmu ta ilmin halittu ta shigo da darasin gado. Ta rubuta XX da XY a allo, ta ja layuka tsakaninsu, ta nuna mana cewa uwa X kaɗai take bayarwa, uba kuwa ko ya ba da X ko ya ba da Y, kuma abin da ya zo daga wajensa shi ne ke bambanta ɗa da 'ya. 'Yan aji suna ta kwafa saboda jarrabawa, ni kuwa alƙalamina ya tsaya cik. Da aka tashi na bi ta har ofis, na tambaye ta wanda ya gano wannan abu da yadda aka yi ya gane. Ta ba ni suna guda, ta ara mini littafi, kana muka nemi sauran bayani a intanet da wayarta. Ga abin da na tattaro.

An haifi Nettie Maria Stevens ran 7 ga Yuli, 1861, a wani ƙaramin gari mai suna Cavendish cikin jihar Vermont, can arewa maso gabashin Amurka. A lokacin Sarki Abdullahi Maje Karofi ne ke sarautar Kano, Nana Asma'u tana nan da ranta tana karantar da mata, Amurka kuwa a wannan shekara ta faɗa yaƙin basasa. Ubanta Ephraim kafinta ne. Uwarta Julia ta rasu ta bar ta tana 'yar shekara biyu. Uban ya sake aure, ya kwashe iyalinsa ya koma garin Westford a jihar Massachusetts. 'Ya'yansa maza biyu sun rasu tun suna ƙanana, abin da ya rage masa mata ne biyu, Nettie da ƙanwarta Emma. Da na zo nan a karatuna sai na ji kamar na san gidan. Kafintan nan bai ce ba shi da magaji ya naɗe hannu ba. Abin da ya samu daga sassaƙa da bugun ƙusa ya sa su makarantar Westford, wadda ke karɓar maza da mata, a zamanin da ko a Amurka ba kowane uba ne ke ganin amfanin ilmin 'ya mace mai zurfi ba. Nettie ta gama a 1880 tana cikin na gaba-gaba.

Daga nan sai hanya ta yi tsawo. Babu kuɗin jami'a, saboda haka ta kama koyarwa a wani gari mai suna Lebanon (ba ƙasar Labanan ba, wani gari ne a jihar New Hampshire). Da ta tara 'yan kuɗi ta shiga kwalejin horon malamai ta Westfield, karatun shekara huɗu ta cinye shi cikin biyu, ta fito a 1883. Sa'an nan ta koma aji. Shekara goma sha uku ta yi tana koyar da 'ya'yan mutane, wani lokaci kuma tana aikin kula da laburare, tana ci kaɗan tana ajiye saura. Littattafan tarihi sukan tsallake waɗannan shekaru da layi ɗaya, amma ni su suka fi tsaya mini a rai, domin na ga yadda Inna take jefa canji a asusu, na san nauyin abin da ake tarawa da kaɗan-kaɗan. Ƙawayenta sun yi aure sun hayayyafa, ita tana nan da alli a hannu da buri a zuci. Sai a 1896, tana da shekara 35, ta ƙetare Amurka daga gabas zuwa yamma, ta shiga Jami'ar Stanford ta Kalifoniya a matsayin sabuwar ɗaliba. A garinmu mace mai shekara 35 shirin aurar da 'yarta ta fari take yi.

Da ta samu ƙofa kuwa ba ta yi wasa ba. Ta karɓi digirin farko a 1899, na biyu a 1900. Lokacin hutu ba ta zuwa ko'ina sai ɗakin bincike na bakin teku a Pacific Grove, tana duba ƙananan halittun ruwa waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Daga nan ta wuce kwalejin mata ta Bryn Mawr kusa da birnin Philadelphia, inda wani masani mai suna Thomas Hunt Morgan yake shugabancin sashen ilmin halittu. Ƙwazonta ya sa aka ba ta tallafi ta tafi Turai, ta yi aiki a tashar binciken dabbobin teku ta Naples a Italiya, da kuma Würzburg ta Jamus wajen Theodor Boveri, wanda yake cikin manyan masanan ƙwayar halitta na zamanin. Ta samu digirin dakta a 1903, watau shekarar da Turawa suka ci Kano. Shekarunta 42 ke nan, sa'an nan ne aikinta na ainihi zai fara.

A nan dole in tsaya in yi ɗan bayani, iyayenmu kuma su gafarce ni in na taɓa abin da ba a saba jin yarinya ta faɗa ba, an ce babu kunya a neman ilmi. Jikin kowane mai rai, mutum ko dabba ko tsiro, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai cibiya, a cikin cibiyar kuma akwai wasu zaruruwa da ake kira kuromosom, ni kuwa zan riƙa ce musu zaren gado. Sunan nasu daga Girkanci yake, ma'anarsa jiki mai shan launi, domin ba a ganinsu sosai sai an rina su. Mu mutanen Kura, da rawunanmu suka kai har ƙasar Buzaye, ba sai an koya mana cewa wani zare ya fi wani shan rini ba. A 1900 masana suka tono aikin Gregor Mendel a kan gadon wake, wanda aka manta da shi shekara da shekaru, Boveri da wani saurayi Walter Sutton kuma suka fara zaton cewa waɗannan zaruruwa su ne ke ɗauke da gado. Amma zato ne kawai, ba wanda ya iya nuna zare guda ya ce ga siffar da yake haifarwa.

Batun namiji da mace kuwa, Turawan wancan zamani ba su fi tsofaffin gidan sunanmu sani ba. Masana da yawa sun ɗauka abincin da uwa ta ci, ko zafi da sanyi, su ne ke sa a haifi ɗa ko 'ya. A 1898 wani likita a birnin Vienna mai suna Leopold Schenk har littafi ya buga yana koya wa mata abin da za su ci don su haifi maza. Jiƙon tsohuwar nan ke nan, sai dai nasa an sa masa bango. Akwai dai waɗanda suka fara hango gaskiya. A 1891 wani Bajamushe, Hermann Henking, ya ga wani baƙon abu a ƙwayoyin haihuwa na wani ƙwaro, da bai san ko mene ne ba sai ya sa masa alamar X. Bayan shekara goma Clarence McClung a Amurka ya ce mai yiwuwa wannan abu yana da hannu a batun jinsi. Nan maganar ta tsaya.

Nettie ta so ta bi diddigin wannan tambaya, amma asusunta ya ƙare, har ta fara tunanin komawa aji. Ta rubuta wa Cibiyar Carnegie ta Washington tana neman taimako, Morgan ya goya mata baya, aka ba ta dala 1,000. Da wannan kuɗi ta zauna ta tattaro ƙwari iri-iri. Ɗaya daga cikinsu shi ne tsutsar gari, wadda masana ke kira Tenebrio molitor, mai rikiɗewa ta zama baƙin ƙwaro in ta girma. Dangi ɗaya suke da ƙananan ƙwarin nan masu ja-ja da muke tankaɗewa daga garin alkama in ya kwana biyu a buhu, sai dai tata ta fi girma.

Aikin ba na mai gaggawa ba ne. Sai ta fede ƙwaron ta ciro mazaunin ƙwayoyin haihuwarsa, abin da bai kai ƙwayar gero ba. Ta jiƙa shi a magani don kada ya lalace, ta daskarar da shi cikin kakin kyandir, ta yanka shi falle-falle da wata na'ura har ya fi fatar albasa sirantaka, ta ɗora a gilashi, ta rina, sa'an nan ta sa ido a madubi. In ta yi sa'a ta tarar da ƙwaya daidai lokacin da take rabuwa biyu, domin a lokacin ne zaruruwan suke fitowa fili. Sai ta ƙirga su, ta zana su da hannu ɗaya bayan ɗaya. Gobe ma haka, jibi ma haka. Mu da muke ƙosawa in an ba mu minti arba'in mu zana ƙwayar albasa, ya kamata mu ji kunya.

Ga abin da ta gani. A jikin tamatar ƙwaron, kowace ƙwaya tana da zare 20, duka manya. A jikin namijin ma 20 ne, amma 19 manya, ɗaya kuwa ɗan ƙarami. To, ƙwayoyin haihuwa ba kamar sauran ƙwayoyin jiki suke ba, sa'ad da suke nuna sai zarensu ya rabu gida biyu, kowace ta tashi da rabi, don in na uwa da na uba suka haɗu lissafi ya cika. Ƙwan tamata ko da yaushe zare 10 manya yake ɗauka, tun da ba ta da wani iri. Na namiji kuwa kashi biyu suke fitowa daidai wa daida: rabi masu 10 manya, rabi masu 9 manya da ƙaramin nan. In mai 10 manya ya sadu da ƙwai, an samu 20 manya, tamata ke nan. In mai ƙaramin ne, an samu 19 da ɗan ƙarami, namiji ke nan. Lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji uku na firamare ba, amma sai da aka jira malamar makaranta mai shekara 44 ta zauna ta ƙirga. Ta buga sakamakon a 1905 cikin littattafan Cibiyar Carnegie, ta ƙara kashi na biyu a 1906 bayan ta duba wasu ƙwari masu yawa ta tarar da irin wannan tsari. Ƙaramin zaren nan shi ne daga baya aka raɗa wa suna Y, babban abokinsa kuma X. Wannan yana cikin hujjojin farko da suka ɗaure wata siffa ta jiki da wani zare takamaimai. A 1905 ɗin har wa yau ta ci kyautar Ellen Richards ta dala 1,000 saboda wani aikin da ta yi a kan ƙwayoyin haihuwa na darɓa, ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye.

Mai karatu zai zaci daga nan sunanta ya cika duniya. Ina! A wannan shekara wani babban farfesa na Jami'ar Columbia, Edmund Wilson, shi ma ya gano kusan abu ɗaya a wasu ƙwari daban. Gaskiya ba satar aikinta ya yi ba, har ya ambace ta a rubutunsa. Amma shi babba ne mai kujera da almajirai, ita kuwa ƙaramar ma'aikaciya ce a kwalejin mata, saboda haka in an tashi ba da labari sunansa ake fara kira. Shi kuwa Morgan, malaminta, da farko ma bai gamsu da cewa zare ne ke yanke hukunci ba. Sai a 1910, da ya ga gadon farin ido a ƙudan 'ya'yan itace yana bin zaren X sau da ƙafa, ya sallama. A kan wannan ƙuda ya gina aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1933, alhali Nettie ta riga ta zana zaruruwan ƙudan tun 1908. Ba na cewa Morgan bai cancanci kyautarsa ba, ya cancanta. Abin da ya ba ni haushi shi ne shekarun da littattafai suka yi suna tsallake ta, har sai da wani masanin tarihi, Stephen Brush, ya sake tono maganar a 1978. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba ta daɗe ba bayan wannan. Ta sake komawa wajen Boveri a 1908, ta ci gaba da rubuce-rubuce, cikin shekara goma sha ɗaya ta buga takardun bincike kusan 40. Daga ƙarshe kwalejin Bryn Mawr ta ƙirƙiro mata kujerar farfesa ta bincike zalla, abin da ta yi ta nema, watau ta zauna da madubinta ba tare da tunanin abin sawa a baka ba. Ba ta hau kujerar ba. Sankarar mama ta kama ta, ta rasu a asibitin Johns Hopkins na Baltimore ran 4 ga Mayu, 1912, tana da shekara 50. Aka kai ta Westford aka binne. Ba ta yi aure ba, ba ta bar ɗa ko 'ya ba. A 2017 tsohuwar kwalejinta ta Westfield, wadda ta zama jami'a, ta sa sunanta a ginin kimiyya.

To, ƙwaro dai ƙwaro ne, mutum fa? An daɗe kafin a tabbatar, domin zaren ɗan Adam yana da wuyar ƙirge. Sai a 1956 aka daidaita cewa 46 ne, watau tagwaye 23, a 1959 aka tabbatar cewa Y ne ke sa jariri ya zama namiji, a 1990 kuma masana a Landan suka gano ainihin gurbin da ke wannan aiki a jikin zaren, suka kira shi SRY. Tsarin dai shi ne na tsutsar Nettie. Amma ban rubuta wannan don in ɗauke laifi daga ƙofar Inna in kai ƙofar Baba ba. Ƙwayoyin namiji miliyoyi ne, kusan rabi masu X rabi masu Y, ba ya ganinsu balle ya zaɓa. Shi bai zaɓa ba, ita kuwa ba ta ma da Y ɗin da za ta hana. Ba kuma kowace halitta ce ke bin wannan hanya ba. A kaji abin juyawa ya yi, kaza ce ke da zare iri biyu, zakara iri ɗaya. A kada kuwa zafin ramin da ƙwai ya kwanta shi ke rabawa. Ashe masu cewa zafi da sanyi ba su yi ƙarya ɗungurungum ba, dabba suka ɓata.

Akwai kuma wani abu da ƙaramin zaren nan ya ɓoye, wanda Nettie ba ta rayu ta gani ba, shi ma ya taɓa gidanmu. Ina da gwaggo wadda ta shekara tara a ɗakin miji ba ta taɓa ko ɓari ba. Babu sassaƙen da ba ta sha ba, babu asibitin da ba a kai ta ba. An yi mata kishiya shekara huɗu ke nan, ita ma shiru. Kowa yana gani, ba mai cewa uffan, maigidan kuwa ko sau ɗaya ba a ce ya je a duba shi ba. A 1976 wasu masana biyu a Italiya, Tiepolo da Zuffardi, suka lura cewa wasu maza marasa haihuwa zarensu na Y ya guntule. A 1995, a ɗakin binciken David Page da ke Massachusetts, jihar da aka binne Nettie, Renee Reijo da abokan aikinta suka gano wani umarnin gado a wannan yanki, suka sa masa suna DAZ. Abin da yake samarwa wani furotin ne mai kama RNA. Wannan magana ta ba ni wuya ƙwarai, sai da na tuna da ruwan gonarmu sa'an nan ta zauna mini.

Duk wanda ya tashi a Kura ko Bunkure ko Kadawa ya san ruwan da muke noma da shi daga madatsar Tiga yake, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Madatsa ba ta zuwa gona, tana can inda take. Ruwa ake saki ya biyo babban kanal, ya rarrabu cikin ƙanana. Amma ko Tiga ta cika ta batse, ko kanal ya kawo ruwa har bakin gona, in ba a buɗe ƙofa a ranar da ta dace ba, alkama bushewa za ta yi. Haka abin yake a ƙwayar halitta, ko da yake misali ba ya cika kama da gaskiya ta kowane gefe. Umarnin gado, wanda ake kira DNA, yana naɗe cikin zaruruwan nan a cibiya, ba ya fita. Kwafinsa ake yi a aika waje, sunan kwafin RNA, da shi ne ƙwaya take ƙera furotin iri-iri masu yi mata aiki. Furotin masu kama RNA su ne masu tsaron ƙofa. Sukan riƙe saƙon, wani su adana shi sai lokacinsa ya yi, wani su kai shi wani lungu na ƙwayar, wani su datse shi su gyara, wani su buɗe masa hanya a yi aiki da shi, wani kuma su sa a rushe shi.

Babu inda ake bukatar waɗannan masu tsaro kamar ƙwayoyin haihuwa. Ƙwan mace yakan tara saƙonni da yawa ya ajiye, domin a kwanakin farko bayan shigar ciki da guzurin uwa ɗan tayi yake tafiya kafin nasa umarnin ya farka. Ƙwayar namiji kuwa in ta kusa nuna sai ta ƙulle zarenta tamau ta daina yin kwafi, saboda haka da saƙonnin da ta ajiye tun farko take ƙarasa ginin kanta, kowanne a kan lokacinsa. DAZ yana cikin masu buɗe wa irin waɗannan saƙonni ƙofa. In yankin da yake ya ɓace daga zaren Y, sai ƙwayoyin su yi ƙaranci ƙwarai ko a rasa su sam, alhali mutumin lafiyarsa ƙalau, ƙarfinsa cikakke, yana noma yana ɗaukar buhu. Da haka aka haife shi, bai sani ba, bai kuma jawo wa kansa ba. DAZ yana da ɗan'uwa mai suna DAZL a zare na 3, wanda maza da mata duka suke da shi, kuma a 1997 masana a Edinburgh suka nuna cewa ɓerayen da aka cire musu shi, maza da mata, ba sa haihuwa. Ban ce wannan ne ciwon mijin gwaggo ba, ni ba likita ba ce, kuma dalilan rashin haihuwa suna da yawa, wasu ma ana maganinsu. Abin da likitoci suka ce shi ne, a kusan rabin gidajen da aka rasa haihuwa akwai hannun matsalar namiji, kuma awon namiji ya fi na mace sauƙi da araha.

Da muka je hutun tsakiyar zango na tarar da Inna tana tankaɗen garin alkama a tsakar gida, ga 'yan ƙwari suna yawo a rariya. Na zauna na karɓi rariyar, na ba ta labarin nan tun daga kafinta har zuwa zare 19 da ɗan ƙarami, ina jera tsakuwa a ƙasa ina nuna mata. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta yi dariya, ta ce ita dai ba ta taɓa jin inda tsutsa ta wanke mutum ba, sa'an nan ta gargaɗe ni kada in kuskura in yi wannan magana a gaban Kaka. Amma ta sa na sake jera mata tsakuwar sau biyu, da yamma kuma na ji ta tana kwatanta wa maƙwabciyarmu da ƙwayar masara.

Baba kam ban iya tunkararsa ba. Shi bai taɓa faɗa wa Inna baƙar magana a kanmu ba, shi ne ma ya tsaya kai da fata sai da na zo wannan makaranta, sai dai in ana irin waɗannan maganganu shiru yake yi. Yana karanta Hausar boko sarai, kuma ya yi mini alkawari zai zo ranar rabon kyaututtuka in an gama dashen tumatir. A ranar ne ake raba wannan mujalla. Na riga na roƙi malama ta ajiye mini guda biyu, ɗaya tasa, ɗaya kuma zan roƙe shi ya kai gidan gwaggo da hannunsa.